Sikiritin Mashin Ɗin Jethro

SHAFI NA 14

Masu cewa Hadassah ba ta taɓa laifi ba tun da aka fara labarin nan, ku gyara zama.

*

Tun daga yadda Oga Ekene ya amsa gaisuwarta a taƙaice Hadassah ta san ba lafiya ba.

Makaniken da kullum tun daga nesa yake tsokanarta da "amaryar Jethro", yau ko murmushi bai yi ba. Ya goge baƙin mai da tsumma, ya zaro waya daga aljihun rigar aikinsa, ya miƙa mata.

"Kalli wannan."

Ta leƙa, sai ta saki ajiyar zuciya.

"Haba Oga, saboda wannan ka sa na rufe shago na taho? Bidiyona ne. Ranar Lahadi Jethro yake koya min tuƙi a filin makaranta, ƙawata Debby ta ɗauka."

"Na san naki ne. Matata ta nuna min da safe, tana ta dariya wai kin kusa faɗawa kwata. Ni ban yi dariya ba. Mayar da shi farko. Kar ki kalli fuskarki, kalli hannun Jethro. Na hagu."

Ta mayar.

Ga ta nan a kan jan mashin ɗin, tana ta ƙyalƙyala dariya. Ga Jethro ya sunkuyo, hannunsa ya shige ƙarƙashin tanki ta hagu, bayan wata 'yar roba. Ga ta ita ma ta cusa nata hannun tana cewa, "A nan? Wannan ɗan abin?" Debby kuwa, don gwaninta, sai da ta matso da wayar dab da wurin.



"Kin ga tamfol ɗin can?" Ekene ya nuna bayan garejin. "Shekara goma sha ɗaya ina sa wa mashinan mutanen Kakuri sikiriti, wato ɓoyayyen maɓalli, a bayansa. Daga ni sai mai mashin, ba na yarda da mutum na uku. Kowa da inda nake ɓoye masa maɓallinsa. In ba ka danna shi ba, ko da makulli a hannunka, ka wuni kana buga kik mashin ba zai ce maka uffan ba. Abu ɗaya kawai nake roƙon mutum. Kar ka nuna wa kowa, ko matarka."

"Oga..."

"Ko matarka na ce masa! Shi ko auren ma bai yi ba tukuna. Mutum nawa suka kalla?"

Ta duba ƙasan bidiyon.

"Dubu shida da wani abu."

"Chineke."

Ta ciro tata wayar ta goge shi daga shafinta. Ekene ya girgiza kai.

"Wanda ya gani ya riga ya gani, nne. Sau huɗu na kira Jethro, wayarsa a kashe."

"A get ɗin kamfani suke karɓe musu waya. Sai sun fito burek, hutun cin abinci."

"To ki je kamfaninsu a Kudenda ki ce masa yau, yau ɗin nan, ya kawo min mashin in canja wurin maɓallin."

Ta gyaɗa kai, tana neman abin da za ta riƙe zuciyarta da shi.

"Amma ai ko mutum ya san wurin, sai da makulli, ko?"

"Makulli?" Ya yi tsaki. "Ki ba ni makullin kowane mashin na minti goma, in leƙa bakin kasuwa, in dawo miki da ɗan'uwansa."

Minti goma.



Ranar Lahadin, daga filin makaranta gidansu suka wuce. Mama ta zuba wa Jethro faten acha, yana sha yana santi. Sai yayanta Tony ya leƙo ya ce rana tana dukan kujerar mashin, a ba shi makulli ya buɗe kan ya tura shi inuwa. Ita da hannunta ta ɗauki makullin daga gefen kwanon Jethro ta cilla masa. Bai dawo ba sai da aka wanke hannu, ya shigo rungume da kankana, wai a bakin titi ya gani ta ba shi sha'awa.

Jiya kuma yana kwance a kujera ya ce, "Ƙanwata, turo min bidiyon nan naki in yi dariya."

Yau da safe ya goge riga. Tony da ya shekara bai taɓa dutsen guga ba tun da aka sallame shi daga aiki. Yana ɗaure takalmi ya tambaye ta, kamar da wasa, ƙarfe nawa su Jethro suke fitowa burek.

Ta ce masa sha biyu.

Ta kalli agogon wayarta. Sha ɗaya da kwata.

"Wa kika tuna?" Ekene ya kafe ta da ido.

"Ba kowa."

Sai ya ja ta gefen wani mashin da aka kwance wa kujera, ya durƙusa.

"Kin ga wannan baƙar robar a jikin inji? Hular fulogi kenan. In kin isa kafin Jethro ya fito, finciko ta, murɗa ta fita daga wayar, jefa a jaka. Ba ita, ko ni na zo ba zan tayar da shi ba. Gwada."

Ta gwada. Ta fita.

"Oya, gudu."

*

Keken da ta samu kamar da gangan yake yi. Ya tsaya ɗaukar mata mai buhun barkono, ya tsaya neman canji, ya tsaya zagin wata tirela da ta tokare hanya wajen tsofaffin katangun masaƙa.

"Direba, don Allah taka mana."

"Madam, in tashi sama ne ki faɗa min."

Ta kira Tony, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka kashe.

Wataƙila zarginsa kawai take yi. Wataƙila neman aiki ya tafi da gogaggiyar rigarsa. Ta faɗa wa kanta haka sau uku, ko sau ɗaya zuciyarta ba ta karɓa ba. Watannin nan Tony ya koma kwana biyu uku a Gonin Gora wajen wasu abokai da ba wanda ya san sunansu a gida.

Mashin ɗin kuwa ba ƙarfe ba ne kawai a wurin Jethro. Na farkonsa a ƙofar coci aka ɗauke, ranar godiyar girbi, yana ciki yana waƙa. Shekara biyu ya yi yana takawa a ƙasa zuwa kamfani, ruwa da rana, kafin ya sayi wannan. Ranar da ya kawo shi ƙofar gidansu bai ce mata komai ba, sai ya zauna a dakali ya rufe fuska da hannu, kafaɗarsa na girgiza. Da shi yake rarraba ƙwai a shaguna in ya tashi aiki, da ribar ƙwan suke shirin bikinsu na Disamba.

Kuma ta san abin da ya fi komai tayar mata da hankali. Ka'idar Baba Zakariyya'u.

Baba shi ke gadin mashinan ma'aikata a wajen get. In ka ajiye, ya zura sarƙa a tayarka, ya ba ka tali, ɗan guntun roba mai lamba. Ba tali, ba mashin. Amma ma'aikaci yakan aiko ƙaninsa ko matarsa daga gida, tali kuma yana ciki a aljihunsa. To ga masu sikiritin Ekene, Baba ya samo wa kansa hanya mai sauƙi. Ya ce wa ɗan aike, "Tayar." In ya tashi, mai shi ne ya gaya masa sirrin, ya tafi. Shekara da shekaru dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Sha biyu saura goma ta diro daga keke, ko canji ba ta tsaya karɓa ba.

Ja. Ja. Ina ja?

Ga shi can, na bakwai a layi, ƙarƙashin rumfar kwano.

Sai ta hango gogaggiyar riga a can ƙarshen rumfar. Tony ne zaune a benci kusa da Baba, suna ɓare gyaɗa, Baba yana laluben makullin kwaɗo a cikin tarin da ke rataye a wuyansa.

Ba ta tsaya tunani ba. Ta sunkuya ta bi bayan mashinan, ta durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi. Ta finciko, ta murɗa. Robar ta faɗo tafin hannunta. Ta jefa a jaka, ta miƙe daidai lokacin da suka ƙaraso.

Tony ya yi turus.

"A'a, ga amarya ma da kanta!" Baba ya washe baki. "'Yata, yau dangi kuka kawo min? Yayanki ya ce surukinsa ya aiko shi ya kai mashin a canja mai."

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Bari in kwance masa."

Baba ya durƙusa yana fama da kwaɗo. Ta matso jikin yayanta, ta yi ƙasa da murya.

"Broda Tony, zo mu tafi gida."

"Me ya kawo ki nan?"

"Ce masa an fasa aiken. Ba wanda zai ji. Ko Mama."

"Wuce ki ba ni wuri."

"Na san inda ka je da makulli ranar Lahadi."

Jijiyar wuyansa ta motsa. Ya yi murmushi don Baba, haƙoransa a haɗe.

"Ba ki san komai ba. Akwai masu jirana, na riga na ce musu yau. Mutanen nan ba a ce musu an fasa."

"Jethro ne fa. Shi ya kwana da kai a asibiti lokacin da ka yi taifod."

"Zai sayi wani. Yana da aiki. Ni fa?"

"Don girman Allah, Broda."

"Hadassah, in kika buɗe baki a wurin nan kin san abin da za su yi min. Sai ki zaɓa."

Sarƙa ta zube ƙasa, ƙarar ta sa ta zabura. Baba ya miƙe yana dafa ƙugu.

"To, ɗan samari. Suruki ko ba suruki ba, ka'ida ɗaya ce. Tayar."

Tony ya hau. Ya zura makulli, sabo fil, yana ƙyalli. Ya murɗa. Hannunsa na hagu ya tafi ƙarƙashin tanki kai tsaye, ko lalube bai yi ba. Baba ya gyaɗa kai, ya gamsu.

Ya buga kik.

Shiru.

Ya sake bugawa.

Inji ya yi gurnani ya koma ya kwanta.

"Sanyi ne," in ji Tony, da rana tsaka tana ƙona kwano.

Ya sake danna maɓallin. Ya buga, ya buga, ya buga. Zufa ta fara zana taswira a bayan gogaggiyar rigar.

Hadassah ta kalli Baba. Murmushin ya tafi. Tsohon ya ja da baya taku ɗaya, ya tsaya a tsakiyar hanyar fita, hannunsa ya hau kan usur ɗin da ke wuyansa.

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ka'idar Baba baki biyu gare ta. Wanda ya tayar, ɗan aike ne. Wanda ya kasa...

"Mashin ɗin nan da safe bugu ɗaya mai shi yake masa," Baba ya faɗa a hankali. "Kai wa ka ce ya aiko ka?"

"Jethro mana, Baba. Tambayi ƙanwata."

Baba ya juyo gare ta.

"'Yata?"

Mai shayin gefen get ya ajiye ludayi. Matan da suke jera kulolin shinkafa don masu burek sun daina hira. Masu keke biyu sun taso daga inuwa, ɗaya yana naɗe hannun riga. Ta tuna labarin da Jethro ya ba ta na wani da aka kama a nan watannin baya da almakashin yanke sarƙa. Kafin 'yan sanda su iso, ba a iya gane fuskarsa. Har yau, an ce, da sanda yake tafiya.

In ta ce eh, ta mayar da robar, mashin ya tafi.

In ta ce a'a, ɗan Mama ne a tsakiyar mutanen nan.

"Ke nake tambaya, 'yata."

"Baba, ni... yanzu na zo."

"Ɓarawo ne?" wata mai shinkafa ta tambaya, ba ta ko rage murya ba.

"Wa ya ce ɓarawo?" mai shayi ya taso.

"Kai, sauko daga kan mashin ɗin nan!"

Tony ya dube ta. Duk taurin kan nan ya zube, idon da ya rage irin wanda yake yi ne suna yara in Babansu ya ɗauko bulala.

Jiniyar burek ta ɗauka.

Get ya buɗe, ma'aikata suka kwararo da shuɗayen kayan aiki, masu yunwa, masu gajiya, kowa na kunna wayarsa. Suka ga taro, suka karkato. Kafin ta ƙirga goma rumfar ta cika, kalmar nan tana yawo daga baki zuwa baki. Sam, wani abokin aikin Jethro, ya riga ya cafki kwalar Tony. Wani ya sunkuya ya ɗauki sarƙar da Baba ya kwance.

"Ku ba ni hanya."

Muryarsa ce.

Jethro ya ratso, hular aiki a hannu, farin ƙura a girarsa. Ya ga Hadassah, fuskarsa ta fara buɗewa da murna, sai ta tsaya a rabi. Ya ga Tony a kan mashin ɗinsa. Ya ga makulli a jiki. Hannunsa ya tafi aljihunsa, ya shafa nasa yana nan.

"Yawwa, ga mai shi," in ji Baba. "Jethro, kai ka aiko wannan?"

Wurin ya yi tsit, har ana jin tafasar ruwan mai shayi.

Jethro ya kalli gefen inji, inda waya take lilo ba hula. Ya kalli hannun Hadassah, yatsunta uku baƙi ƙirin da mai. Ya kalli mai riƙe da sarƙa. A ƙarshe ya kalli idonta, ita kuwa ba abin da take iya yi sai girgiza masa kai, hawaye na sauka har wuyanta.

"Ni na aiko shi, Baba."

"Ka tabbata?"

"Yayan matata ne. Mashin ɗin ne yake min gardama kwanan nan, na manta ban gaya masa ba. Sam, sake masa riga."

Sam ya saki, ba da son ransa ba. Mai sarƙa ya yar da ita yana gunaguni. Wasu suka yi tsaki kamar an hana su abinci, suka juya wajen kulolin shinkafa. Baba Zakariyya'u bai motsa da wuri ba. Ya kalli Jethro, ya kalli sabon makullin, ya ce, "Allah ya kyauta," ya koma bencinsa bai ƙara waiwayowa ba.

Jethro ya zare makullin. Ya ciro nasa, ya haɗa su a tafin hannu, baki da baki. Kamar tagwaye.

"Sauka."

Tony ya sauka.

"Jethro, bari in yi maka bayani..."

"Tafi tun ina iya riƙe bakina."

Tony ya tafi, da farko a hankali, yana kaiwa titi ya sa gudu.

Suka rage su biyu a tsakanin mashina. Hadassah ta so ta rungume shi, ta so ta durƙusa, ta kasa ko ɗaya.

"Na gode," ta ce. "Jethro, na gode, Allah ya..."

"Shekara shida ina gaishe da tsohon can, ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ya yi ihu da ya fi mata sauƙi. "Saboda ke na yi. To ke kar ki yi min. Makullina ba ya barin jikina. A ina ya same shi?"

"Ranar Lahadi... kana cin abinci. Ya ce zai tura shi inuwa."

"Wa ya miƙa masa?"

"Ni."

Ya lumshe ido, ya buɗe.

"Baba ba ya barin mutum ya kai ga kik sau biyu in bai ga hannunsa ya je wurin maɓalli ba. Wa ya nuna masa sikiriti?"

"Ban nuna masa ba, na rantse. Bidiyon da Debby ta ɗauka ne, ni ban lura ba, na ɗora shi..."

"Wanda na ce kar ki ɗora?"

Ta sunkuyar da kai.

"Hadassah. Wanda na riƙe hannunki a filin nan na ce wannan tsakanina da ke ne, kika ce min kin goge?"

"Na ga ka yi kyau a ciki ne," ta faɗa cikin kuka. "Na so mutane su ga yadda kake kallona. Wallahi shi ke nan. Da na gane, a guje na zo, ni na cire..."

"Na gani."

Ya zuba makullan biyu a aljihu. Ya miƙo mata tafin hannunsa a buɗe.

Da sauri ta zuge jaka, ta lalubo hular fulogin, ta ɗora masa, tana share hawaye da bayan hannu.

Bai rufe hannun ba.

"Ba wannan ba," ya ce.

Ta ɗago. Ba fuskarta yake kallo ba. Zoben alkawarin da ke yatsanta yake kallo.